Katin Yana Aljihuna Aka Ci Kuɗinsa

Shekaru sun ja, amma akwai wata Laraba da ba na jin za ta taɓa fita daga raina.

Lokacin ina aiki a wani ofishin gwamnati a GRA. An ba mu katin tafiyar aiki, mu riƙa biyan masauki da kuɗin jirgi da shi. Da akantanmu zai miƙo mini nawa ya ce, "Malam, ban da aro, ban da hidimar gida, kuma kada kowa ya ga lambobin nan." Na sa hannu ina ganin surutu ne kawai irin na 'yan ofis.

Ranar Larabar ina gida a Ƙofar Guga ina cin abincin rana, saƙo ya shigo wayata: an biya otal a Legas da katina. Ni ko hanyar Legas ban sani ba. Na laluba aljihu, ga kati nan lafiya lau.

Nan take zuciyata ta tafi kan abokin aikina da teburinmu ke manne. Shi ke ganin inda nake ajiye jaka in zan fita sallah, ga shi a makon ya ɗinka sabuwar shadda. Washegari ya gaishe ni, na amsa a daƙile.

"Lafiya dai, Malam? Ko jikin ne?"

Na ce lafiya ƙalau, idona na kan shaddar. Har ƙanena da ke yawan zuwa gidana sai da na tsare shi da tambayoyi, ya ɗauke ƙafa.

Ofis ya kafa kwamitin bincike. A gabansu, Hajiyar da ke shugabantar kwamitin ta ce, "Ka taɓa nuna wa wani lambobin katin?" Na rantse ban taɓa ba. Ta ce in duba wayata a hankali. Sai ga hoton katin, gaba da baya, wanda na tura wa wani mai sayar da tikiti da na samu a intanet wata biyu baya. Wallahi na manta da shi sam.

Aka karɓe katin, aka ba ni takardar gargaɗi, ƙarin girman shekarar ya wuce ni. Abokin aikin da na zarga ɗin shi ya raka ni har bakin mota yana ba ni haƙuri. Ban iya haɗa ido da shi ba.

Tun daga ranar, in abu ya lalace a hannuna, kaina nake fara tuhuma kafin in ɗaga ido in kalli wani.