Madafar Simintin da Na Zaɓa da Kaina

A tsakiyar shekarun tamanin, lokacin da abin nan ya faru, ni 'yar shekara ashirin da ɗaya ce, da goyon fari, da baki, da jin kai. A Ƙonni na tashi, na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, kuma wannan aji shidan ya hau mini kai: duk wanda bai iya rubuta sunansa ba, gani nake ya kamata ya zauna in koya masa zaman duniya. Aure ya kai ni wani ƙauye tsakanin Malbaza da Dogarawa. Maigidana yana aikin ƙarfi a kamfanin siminti, kullum bisa keke yake zuwa ya dawo. Gidan babba ne, akwai mahaifiyarsa da muke kira Inna, akwai wansa da matarsa, wato facalata. Ba zan faɗi sunan kowa ba, domin galibinsu suna raye. Na rubuto muku ne saboda abin ya daɗe yana cin raina, kuma har yau ban iya faɗinsa da baki ba.

Madafar da na tarar a gidan ta laka ce, mai rufin ciyawa, marigayi surukina ya gina wa Inna tun tana amarya. Cikinta baƙi ƙirin, kunkunniya na reto daga rufi, in ka miƙe ba a hankali ba sai ta shafe maka ɗankwali. Amma tana aiki. Kowace shekara bayan kaka mata su kwaɓa laka su yi mata yaɓe, maza su ƙara mata shuci, shi ke nan ta koma sabuwa. Ana hura wuta a cikinta, hayaƙi ya bi ta cikin ciyawar da ratar da ke tsakanin bango da rufi ya yi tafiyarsa. Ni a lokacin ban ma san haka ake ciki ba. Baƙin kawai nake gani, da ƙasar da ke ɓata mini zane.

Shekarar da na haihu, damina ta zaizaye gindin bangon gabas, rufin kuma ya fara yoyo a kusurwa ɗaya. Inna ta ce a yi mata abin da aka saba, yaɓe da baibaya, aikin kwana biyu ne. Sai aka yi rashin sa'a a makon nan na raka maigida barkar haihuwa gidan wani babban ma'aikaci a Malbaza. Matarsa ta shiga da ni madafarta in taya ta zuba abinci. Bango fari tas, ƙasa siminti, rufin kwano, 'yar taga ƙarama mai murfin ƙarfe, tukwane a jere kamar na sayarwa. Na dawo gida da wannan ɗaki a cikin idona. Abin da ban tsaya na lura da shi ba, duk da aji shida na, shi ne matar nan da gas take girki. Mu kuwa da karan hatsi muke yi, da busasshen kashin shanu in ice ya yi wuya.

Na tasa maigida gaba. Na ce masa abin kunya ne mutum yana wuni cikin siminti har gashin idonsa ya yi fari, matarsa kuma tana girki a ɗakin da ko akuya za ta raina. Da farko dariya ya yi, ya ce in bar wa tsohuwa kayanta. Na yi fushi, na yi kuka, na daina yi masa magana sai abin da ya zama dole. Mutumin kirki ne, ba ya son fitina, ƙarshe ya je ya sami Inna. Ina daga bayan danga ina jin su. Ta ce masa ba ta hana a gina sabuwa ba, amma a bar tata a tsaye, in sabuwar ta ƙi sai a sami wurin komawa. Ni kuma na kafe a kan cewa sai dai a wurin tsohuwar, saboda nan ne duk mai shigowa gida zai fara gani. Ranar da aka sa wa tsohuwar madafar diga, Inna da kanta ta shiga ta kwashe duwatsun murhunta uku ta kai bayan ɗakinta. Bayan kwana biyu ta ce za ta je Illela ta duba 'yarta da ke can da tsohon ciki. Kowa ya san ba cikin ne ya tafi da ita ba.

Maginin da ya yi aikin dattijo ne, kuma ya faɗa mini gaskiya har sau biyu. Ya ce a bar huduji a jeren bulo na sama don hayaƙi ya sami hanya. Na ce ban ga huji a gidan Malbaza ba, kada ya mayar mini da ɗaki akurkin kaji. Ya ce to ƙofa kada ta kalli gabas, domin daga can hadari ke tasowa, duk garin nan babu ƙofar da ta kalli can. Na ce gabas ce ke kallon zaure, can nake so. Ya dubi maigida, maigida ya dubi ƙasa. Duk ranar hutunsa, maigida ne ke kwaɓa ƙasa da miƙa bulo, har tafin hannunsa ya tsattsage. Da aka gama aka shafa farar ƙasa, matan unguwa suka yi ta zuwa kallo, ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa ina amsa barka. A gabansu na ce ni da girki a tsakar gida ko ƙarƙashin ciyawa har abada.

Tun girkin farko na gane na yi ɓarna. Ina hura karan nan hayaƙi ya tashi ya bugi kwano ya dawo, ya tsaya a daidai fuskata. Kafin in gama ruɗe hawaye da majina sun haɗu. Da rana kwanon ya ɗauki zafi, ga wuta a ƙasa, sai in ji kamar ni ake dafawa. Cikin mako uku farin bangon ya fi na Inna baƙi. To a nan ne na ƙara wautar da ta fi ta farko: don kada masu shigowa su ga abin da ɗakin ya koma, sai na rataya asabari a ƙofar, ina girki a bayansa. Facalata tana nata girkin a rumfar zana a shiyyarsu, iska na kaɗa ta. Takan leƙo ta tambaye ni, da murmushin nan nata, ko madam ta gama aikin buro, wato ofis. Sai in yi dariya in ce mata daɗi ne ya hana ni fitowa. Maigida ya tambaye ni jan da idona ke yi, na ce ciwon ido ne ke yawo a gari. Ina duban hannunsa da bai gama warkewa ba, ina tuna uwarsa da ya ɓata wa rai saboda ni, sai bakina ya ƙi buɗuwa.

Duk wannan da a kaina ya tsaya da sauƙi. Amma 'yata tana bayana. Da, in zan shiga girki Inna ke karɓarta ta zauna da ita a inuwa. Yanzu Inna ba ta nan, ni kuma girman kai ba zai bar ni in miƙa wa facalata ba, kada ta tambayi dalili. Safe da yamma yarinyar nan tana goye, in na sunkuya tuƙa tuwo kanta na cikin hayaƙin da ya fi kauri. Ta fara tari, sannan numfashinta ya riƙa yin wata 'yar ƙara kamar ta ɗan kyanwa. Kun san al'adarmu game da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. In ya yi ciwo, kaka ce ke cewa a kai shi likita. Sau ɗaya na kuskura na ce wa facalata tarin yarinyar nan bai yi mini ba. Ta tafa hannu ta ce 'yan lakwal ba kunya, ga ta nan tana rawar jiki a kan 'yar fari, haƙori ne kawai. Ban sake ɗaga maganar ba. Sai in shiga ɗaki in kanga kunnena a ƙirjinta ina saurare, tsoro ya cika ni, in fito ina fara'a.

Inna ta dawo da damina ta kankama. Ta ɗauki jikarta, ta sunsuni kanta da rigarta, ta daɗe tana jin numfashinta. Sai ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, inda nake ajiye yarinyar in zan yi girki. Wallahi a lokacin zuciyata ta ce in faɗi ƙasa in gaya mata komai. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne a ɗaki nake kwantar da ita. Ta ce to, ta miƙo mini ita. Ta riga ta yi alkawarin ƙafarta ba za ta taka wajen madafar nan ba, ɗakinta kuma yana can ƙuryar gida, don haka ƙaryata ta zauna.

Kwana huɗu bayan nan aka tashi da ruwa tun hantsi, mai iska, daga gabas kamar yadda magini ya ce. Ruwa na feso mini har murhu, dole na ja ƙyauren ƙarfe da ke ƙofar na rufe. Karan ya jiƙe, ba ya ci sai hayaƙi. Na durƙusa ina ta hurawa, ban ma ganin tukunyar. Yarinyar ta yi tari, ta yi tari, sai ta yi shiru. Na ji kanta ya langaɓe a bayana. Ban san yadda na buɗe ƙofar ba. Na tsinci kaina a tsakar gida cikin ruwa, na kwance ta, leɓunanta sun sauya launi, ina jijjiga ta ina kiran sunanta da ƙarfi, sunan da ban taɓa furtawa a gaban kowa ba. Inna ta fito ba ko ɗankwali. Wan maigida ya ɗaura amalanken jaki, muka kama hanyar asibitin Malbaza cikin taɓo, Inna na riƙe da ita a ƙarƙashin zanenta.

Allah ya yi da sauran kwananta. Bayan ta farfaɗo, likitan ya tambayi da me muke girki, a wane irin ɗaki, da inda yarinyar take zama a lokacin. An riga an kira maigida daga wurin aiki, yana tsaye da ƙurar siminti a jikinsa, Inna na zaune a bakin gado. A gabansu na faɗi gaskiya duka, har da asabarin. Likitan bai zage ni ba. Ya ce ƙirjinta ya riga ya taɓu, a nisanta ta da hayaƙi, kuma kada mu sa rai zai koma kamar na sauran yara. Maigida ya fita waje. Inna ta ce mini a hankali tun ranar da ta dawo ta ji ƙaurin hayaƙi a gashin yarinyar, ta tambaye ni ne don ta ba ni hanya.

Da muka koma gida aka kafa mini rumfar zana, madafar simintin kuma aka mayar da ita wurin ajiye harawar awaki. Ana yaye yarinyar Inna ta ɗauke ta, kamar yadda kaka ke ɗaukar jikan fari, sai dai ita ba a ɗakinta na ƙuryar gida ta tsaya ba, Illela ta koma da ita gaba ɗaya. Ban da bakin hanawa. Can ta girma. Yaya take ce mini, kamar wata babbar 'yar'uwa. Yanzu budurwa ce, amma ba ta iya daka, ba ta iya shara, gudu kaɗan sai ta dafe ƙirji ta nemi wurin zama. Bara da ta zo mana, na ga tana haki bayan ta ɗebo ruwa guga biyu. Ta lura ina kallonta, sai ta yi murmushi ta ce kada in damu, haka Allah ya halicce ta, ta saba. Inna ba ta taɓa gaya mata ba, ni ma na yi shiru.

Na daɗe ina tunanin abin nan, kuma ban ɗora laifin a kan siminti ba. Da na bar magini ya yi hudujinsa, da na bar ƙofa inda ya ce, wataƙila da ɗakin ya yi amfani. Kuskuren gini kowa na iya yi, ana kuma gyara shi da guduma cikin wuni ɗaya. Abin da na kasa yafe wa kaina shi ne watannin da na yi na san gaskiya ina rufe ta da asabari, don kada a ce 'yar lakwal ta yi kuskure. 'Yan'uwana mata, kafin ku rushe abin da kuka tarar yana aiki, ku tambayi masu shi dalilin da ya sa aka yi shi haka, kuma ku dubi abin da ke cikin murhunku kafin ku kwaikwayi ɗakin wata. In kuma kun riga kun yi kuskuren, ku faɗa tun ranar farko, ku sha dariyar facala, ba ta wuce mako guda. Kunyar ɗan fari al'adarmu ce, ban raina ta ba, amma in kun ji numfashin ɗanku ya sauya ku ajiye ta ku yi magana. Ni na tsare mutuncina wata shida, 'yata ce ke biya da kowane numfashi, kuma ba ta ma san ni ce ba.