Injin Rikodar Baba

Shekarar da sojoji suka koma bariki ina koyon gyaran rediyo a Ƙofar Guga, amma ba abin da ke raina sai in haɗa ƙaramar mota mai rimot wadda za ta hau dutse. Rimot ɗin na cire daga wata motar wasa da aka yar a GRA. Tayoyi na yanka daga tsohon silifas, na tsattsaga su don su kama ƙasa. Inji ne ya gagare ni. Duk wanda na sa, da ta ga tudu sai ta tsaya tana kuka.

Injin da na san zai iya yana cikin rikodar Baba. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci yakan sa kaset ɗin karatun mahaifinsa marigayi, shi kaɗai ya rage mana na muryarsa. Ran Laraba na kwance rikodar na cire injin, na ce wa kaina ai aro ne.

Ran Alhamis na kai motar gindin tsohuwar ganuwa. Ta kama hawa, ƙasa na zubowa. Da ta kai rabi ta cije. Da mai hankali ne da ya ɗauke yatsa daga rimot. Ni kuwa na ƙara dannawa, don kawai 'yan kabu-kabu biyu sun tsayar da baburansu suna kallo. Ta haye. Sai na ji ƙauri.

Injin ya ƙone. Na zaga masu gyara har Batagarawa, babu irinsa. Wanda na samu ya zauna daidai, sai dai ya fi gudu. Na gwada da kaset ɗin waƙa, na ce ba mai lura.

Ran Juma'a Baba ya zauna kan tabarma ya danna. Muryar Kaka mai kauri da nitsuwa ta fito siririya, tana sauri kamar ana korarsa. Aya ɗaya Baba ya saurara ya kashe.

"Kai, mi ya samu rikodar ga?"

"Baba, ni na taɓa ta."

Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Ya cire kaset ɗin, ya naɗe a hankici, ya sa aljihu. Sai bayan wata biyu na samo injin da ya dace na gyara, na faɗa masa. Ya ce Allah ya yi albarka. Har ya rasu ban sake jin ya sa kaset ɗin ba, kuma ban taɓa iya tambayarsa dalili ba.