Ranar da Na Wargaza Injin Surukina

Ko gigin tsufa ya kama ni, ba na jin zan manta ranar da na wargaza injin niƙan surukina a Gwangwan.

Lokacin ban daɗe da gama kwas ɗin gyaran injina a Kano ba, kaina ya kumbura har hula ta fara matse ni. Saura kwana biyu bikin ƙanwar matata, surukina ya sa a tayar da injinsa, wanda yake rufe tun farkon damina, don a niƙa garin biki. Ana tayarwa ya kama jijjiga, kwanon rumfar yana kaɗawa, tasoshin mata suna tafiya da kansu. Sai aka aiko mini Karaye.

Na iso da jakar sufanu, na durƙusa na gaishe shi.

"Injiniya, ga shi nan," in ji shi. "Gobe baƙi za su fara sauka, ko garin kunu babu a gidan."

"Baba, kafin azahar an gama in sha Allahu."

Na fito da wayata mai manhajar auna jijjiga, na danna ta a jikin injin, mutane suka zagaye ni. Ta nuna bugu ɗaya a kowane zagaye. An koya mana cewa hakan ɗayan biyu ne: ko wani gefe ya fi wani nauyi, ko ƙarfen tsakiya ya lanƙwashe. Na farkon ya yi mini ƙanƙanta. A taso ni tun daga Karaye a kan ɗan ƙaramin ciwo? Na gyara murya na ce ƙarfe ne.

Na cire bel, na sauke fuli, wato faifan da bel ɗin ke juyawa, na zare boris ɗin da ƙarfen ke juyawa a cikinsu, na baje komai a kan tabarma. Azahar ta wuce. Na mirgina ƙarfen nan a kan benci sau bakwai, wallahi ya fi ni miƙewa. Shinkafar waina da aka jiƙa ta fara tsami, mata sun yi tagumi, matata ta wuce ta gabana kamar ba ta taɓa ganina ba. 

Can bayan la'asar gwaggon matata, yayar surukina, ta gaji da tsayuwa. Ta jawo fulin za ta zauna a kai, ta kife shi, sai ta tsaya tana kallo.

"Ɗan nan, wannan ɗakin zanzaron daga kamfani yake zuwa, ko a nan ya samu?"

Na leƙa. Curin laka ne kamar dunƙulen hannu, ya bushe ƙamas a gefe ɗaya na cikin fulin. Ta cire takalminta ta maka masa sau biyu, ya zube.

Na mayar da kayan ina gumi, aka tayar, injin ya juya lumui. Noti ɗaya ya yi saura, na jefa shi aljihu ban gaya wa kowa ba.

Surukina ya ce, "Yaya, Allah ya saka da alheri. Shi ma Injiniya ya yi ƙoƙari, ya goge mana notuna."

Kunyar da na ji ranar har yau ba ta gama sakina ba. Amma na koyi darasi: duk injin da aka kira ni, sai na zagaye shi da ido tukuna, na fara da ƙaramin zato. In da tsohuwa a wurin kuma, ita nake fara gaisarwa.