Ranar da Na Shayar da Gona Babu Shuka

Tun ina ƙarami kakana yake cewa a ƙarƙashin gonarmu ta noman rani akwai karofi, rijiyoyin rini na kakanninsa, guda ɗari cif. Ba wanda ya yarda. Gonar shimfiɗe take kamar faifai, ko ɗigon shuni ban taɓa gani a cikinta ba. In ya fara labarin a majalisa, sai kowa ya tuna bai yi alwala ba.

Bara, bayan mun cire albasa, babana ya ce ranar Asabar tarakta za ta zo ta yi wa gonar huɗa mai zurfi, a baje ta don shinkafa. Kakana ya daina cin tuwo tare da mu.

Cikin makon sai ga wani malami daga jami'a. Kufai da tsofaffin ganuwoyi yake bi yana ɗaukar hotonsu daga sama da diron, ɗan jirgin nan mara matuƙi. Mai unguwa ne ya turo shi wurin kakana, ina jin don kunnensa ya huta.

Muka raka shi gona. Jirgin ya tashi da ƙara kamar sauron garin Kura gaba ɗaya sun haɗu taron biki. Wani mai tsinkar tumatir ya yar da kwando ya yi salati, har yau ban tabbata ya tsaya da gudu ba. Muka duƙa kan allon da ke hannun malamin. Ƙasa ce ja, busasshiya, shi ke nan.

"Baba, ban ga komai ba," in ji malamin.

"Yaro, ai a bushe ka same ta," in ji kakana. "Da laso, simintin mutanen da, aka shafe rijiyoyin nan, ba sa sakin ruwa da wuri. A ba ta ruwa, a bar ta kwana biyu, ka dawo da sauronka."

Babana ya ce, "Haba Baba! Ruwan da ake layi a kansa, a zuba wa gonar da ba shuka?" Amma bai iya kallon idon tsohon ba. Ya ce to, sau ɗaya, kuma tarakta tana nan ranar Asabar.

Ranar Laraba ruwa ya zo kanmu, ni aka ba fartanya. Na fasa bakin kwata, ina bi fangali fangali. Maƙwabcinmu ya tsaya a kan kunya yana dariya.

"Kai, me ka shuka?"

"Kakanni na shuka, Kawu. In sun tsiro zan kawo maka ɗanɗano."

Ranar Juma'a da hantsi malamin ya dawo. Daga ƙasa gonar ta sha iska, ba ka ganin komai sai tsagewar laka. Jirgin ya hau. A kusurwar gabas, kusa da kanal ɗin da ke kawo mana ruwa, sai ga baƙaƙen da'irori a jere, layi biyu, kamar an kife tukwane an ɗauke. Na ƙirga sau uku. Goma sha uku.

Na dubi kakana na ce, "Tsoho, ina sauran tamanin da bakwai?"

"Suna gonar maƙwabta, ɗan nema. Kai haƙoranka rana ɗaya suka fito?"

Babana ya karɓi allon, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Baba, wacce ce ta kakanka?" Kakana ya ɗora yatsa a kan ta uku daga ƙarshe, bai ko yi lalube ba.

Tarakta ta zo ranar Asabar, ta huɗe gonar, ta kewaye kusurwar gabas. Albasa muke sawa a wurin, tunda saiwarta ba ta nisa. A daren kakana ya dawo kan kwanon tuwo, ya cinye rabona.

A makaranta kuwa, in an tambaye ni, rijiya ɗari biyu nake cewa.