Albashir, Tafintan da Bai Iya Rage Magana Ba

Dole a yaba wa manyan baƙinmu na ƙetare, mutane ne masu cika alkawari. Sun ce ba za su manta da Bagudo ba, kuma ba su manta ba. Takardarsu ta iso, fara sol, mai kauri, da hatimi har biyu, tana cewa sun damu matuƙa da halin da kake ciki. Ranar Alhamis ta iso. Kai kuwa, Yaya Albashir, ranar Talata ka rasu, sha huɗu ga Oktoba, 1997, bayan la'asar, a ɗakinka na bayan tashar mota. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma.

Ga wanda bai san ka ba, kai ne tafintan kasuwar Tsamiya ta ƙasar Bagudo, bakin iyakarmu da Benin. Hausa, Dendi, Fillanci, Faransanci, shekara ashirin da ɗoriya kana tsaye tsakanin mai saniya da mai saye. A hannunka na koyi aikin. Ranata ta farko wani falken Kandi ta Benin ya ce wa wani Bafillace saniyarsa ta fi kama da akuya mai tari, ni kuma don in nuna gwaninta na ce yana yabon ƙahonta. Ka ja ni gefe, ka ce, "Ɗanliti, baki anka ara wurinka, ba wayo ba. Abin da mutum ya ce shi za ka kai, don kasuwa tana sake ci, su ko suna sake gamuwa."

Matan ƙauye nawa ka raka asibitin Kandi, ka bar cinikinka, don kawai likita ya ji inda ke yi musu ciwo? Su suka cika ƙofar gidanka ranar jana'iza.

Bara aka kwashe mutum bakwai daga bakin kogi, wai su ke tsallakar da masu gudun gwamnatin soja. Cikinsu har da Sambo, ɗan Goggo Jummai mai kifi. Wata huɗu babu labarinsu. Sai aka ce ayarin jakadu na tafe don duba yadda ake riƙe mutane. Nan da nan aka shafa wa duwatsun hanya farar ƙasa, aka wanke ɗakin da ake tsare mutane, aka shimfiɗa sababbin tabarmi, aka zaunar da wasu ƙosassun mutum biyu da ba mu taɓa gani ba. Shugabar ayarin Faransanci take ji, don haka masu kaki suka nemi tafinta. Suka zaɓe ka, a ganinsu ɗan kasuwa ya san inda ribarsa take. Ofisansu ya gaya maka, kowa ya yi magana ka ce lafiya lau, an gode.

Sai Goggo Jummai ta ratsa layi ta riƙe ƙofar motar shugabar ayarin. Da Dendi ta yi magana. Ta faɗi ranar da aka kama ɗanta, ta ce rigarsa kaɗai aka mayar mata, jini ya bushe a bayanta. Ina kusa da kai. Ofisan yana tsaye bayanka har numfashinsa na taɓa wuyanka, na ga gumi na bin kuncinka. Ka buɗe baki ka juya maganar yadda take, har ka lissafa sunayen mutum bakwai ɗin, tun da ita ma ta lissafa.

Baturiyar, shugabar ayarin, ta rubuta a ɗan littafinta, ta miƙa maka hannu, ta ce kai jarumi ne. Suka ce dole su kai Birnin Kebbi kafin rana ta faɗi.

Kwana biyu bayan haka aka ɗauke ka da rana tsaka, kana shan fura a rumfa. Wata tara kana tsare. Aka dawo da kai ƙafafu a kumbure, kunnen hagu ya mutu, fitsari da jini. Akinwale mai kemis yana zuwa safe da yamma da allurarsa, har ya daina kallon idon iyalinka. Ba ka taɓa gaya mana abin da aka yi maka ba. Duk wanda ya shigo gaishe ka, tambayarka ɗaya ce, ko Sambo ya dawo. Har yau bai dawo ba.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Allah Ya sa wahalar da ka sha ta zama kaffara, Ya haskaka makwancinka. Sadiya, uwargida, Allah Ya ba ki haƙuri ke da yara, Ya raya abin da ya bari.

Jiya ofisan nan ya aiko aka kira ni. Ya ba ni kujera, ya yi mini ta'aziyyarka, ya tambayi lafiyar 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa. Ayarin zai dawo wata mai kamawa, kuma an gaya masa ni ne na gaje ka. Goggo Jummai kuwa ta riga ta ce a bakin hanya za a same ta. Ku da kuka san al'adar manyan baƙi, ku taimake ni da sani: motocinsu biyar ne, in sun gama rubutu sun tashi, a wacce ake ajiye wa tafinta kujera?