Sakatariya da Ram Ɗin Auta

A layin shagunanmu babu wanda bai taɓa shan masifar Sakatariya ba. Sunan ya biyo ta ne daga ofishin da ta yi shekaru tana buga takardu, kafin a rage ma'aikata a sallame ta. Ta dawo ta buɗe wurin buga rubutu a rabin tsohon shagon mahaifinsu. Ɗaya rabin na ƙaninta ne, Auta, mai sayar da kayan kwamfuta. Bayan rasuwar uban aka raba shagon da katako, ita kuwa ta kafe a kan an ci mata wuri. Tun daga nan gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga haɓa.

Ba ta yarda kowa ya taɓa mata kwamfuta, saboda wani mai gyara ya taɓa goge mata aikin mutane kaf, ya ce kuskure ne. Shi ya sa da tsohuwar kwamfutarta ta gaji, ta ce sabuwar da hannunta za ta haɗa. Ta duƙufa kallon yadda ake yi a waya, ta dinga sayo kaya a wani shago can nesa, tana wucewa da su ta ƙofar Auta a leda mai shara-shara don ya gani.

Labari ya kai kunnen Inna, mahaifiyarsu, ta aika a kira ta.

"Ƙaninki na sayar da abu, ki tsallake shi ki kai wa bare? Ko abu ɗaya ne ki saya a hannunsa, in dai ni na haife ki."

Abin da ya rage mata shi ne ram, 'yan siraran faifan nan da kwamfuta ke riƙe aikin da ake kan yi a cikinsu. Ta shiga shagon Auta fuska a murtuke.

"Ina kwana, Yaya?"

"Ban zo gaisuwa ba. Ram biyu."

Ya jawo aljihun tebur ya miƙa mata, ta karɓa da gefen yatsu ta fice.

Ta haɗa injin tsaf, ya tashi, fanka na juyawa, har ta ƙure sautin lasifika don na bayan katako ya ji. Murnar ba ta daɗe ba. Tana cikin bugu sai allo ya yi shuɗi, wasu rubuce-rubuce su fito, injin ya mutu ya sake tashi da kansa. Wani lokacin ya wuni lafiya, wani lokacin ko layi ba ta ƙarasawa. Ta zagi masu ba da wuta, ta sake jona, ta goge manhajar injin ta ɗora sabuwa. Shuɗin nan ya dawo abinsa.

Ranar da abin ya kai maƙura, wata malamar makaranta ce zaune a benci tana karanto mata tambayoyin jarrabawar da za a yi washegari. Sun kusa gamawa allo ya shuɗe. Da injin ya tashi, fayil ɗin ya ƙi buɗewa. Malamar ta miƙe ta tattara takardunta.

"An faɗa mini kar in zo nan. Baki kawai gare ki, babu aiki."

Sai da malamar ta fita ta zare ram biyun, ta zagaya ta watsa su a kan teburin Auta, a gaban masu sayayya.

"Gawa ka sayar mini! Da gangan, don ka kashe mini sana'a ka haɗe shagon!"

"Kayana lafiyarsu lau, Yaya. Wanda ya koyi haɗa kwamfuta a waya ai sai abin da ya gani."

"Ni kake faɗa wa haka? Ni da na wanke maka kashi?"

"Wankin kashi daban, haɗa inji daban."

Mutanen shagon suka bushe da dariya. Ta kwashe ram ɗinta ta fita, ta banko ƙofa har katakon tsakani ya girgiza.

Ta rufe shago ga kowa, ta ce sai ta kama Auta dumu-dumu. Ta goge haƙoran ram ɗin da kilinar fensir, ta hure gurbinsu. Ta sa na farko shi kaɗai, ta kunna manhajar gwaji, ta zauna tana jiran jan layin da ke nuna kuskure ya fito. Bai fito ba. Ta cire ta sa na biyu, shi ma tas. Ta sauya musu gurbi, kowanne in yana shi kaɗai lafiya. Tana haɗa su biyu sai kurakurai su cika allo ja wur.

Da ta kai su bakin ƙofa wurin haske ta duba ƙananan rubutun jikinsu, sai ta ga ashe ba 'yan kwali ɗaya ba ne. Launinsu ɗaya, girmansu ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya gudu. Abin da ba ta so ta tuna ba shi ne, ranar da ta haɗa injin, ita da kanta ta shiga saitinsa ta ƙure gudun ram ɗin, don wani a waya ya ce haka gwanaye ke yi. Mai rauni a cikinsu ba ya iya bin gudun idan an haɗa su.

A ɗakin Inna aka yi zaman. Sakatariya ta dangwara ram biyun a kan tabarma.

"Ga shi, Inna. Tsince-tsince ya haɗa mini."

Auta ya ɗauka ya jujjuya. "Hannu na sa na ɗebo, ban duba ba. Amma a gudunsu na asali za su zauna tare. Yaya, kin taɓa saitin gudu ko ba ki taɓa ba?"

"Injina ne. Ina ruwanka da abin da na taɓa?"

"Kin ji ko, Inna?"

Inna ba ta fahimci ko kalma ɗaya ba. Ta dube su ta ce sun ishe ta, shi ya canza mata, ita kuma ta janye maganar kashe sana'a. Auta ya ce zai canza in ta janye a gaban mutanen da ta tozarta shi. Sakatariya ta ce sai dai injin ya ƙone.

Ta koma ta mayar da saitin yadda yake, ta sa ram mai gudun shi kaɗai. Ɗayan kuwa ta cusa shi ta ƙasan katako zuwa ɓangaren Auta, shi ma ya turo shi da ƙafa ya dawo. Ƙarshe mai shara ce ta kwashe shi.

Injin bai sake mutuwa ba, sai dai da ram ɗaya yana nawa in aiki ya yi yawa. Masu kawo bugu kan zauna su yi ta hamma, duk wanda ya yi ƙorafi ta nuna masa ƙofa. Malamar nan ta koma wani shago, ta kuma janye abokan aikinta. Da muka ba Sakatariya shawara ta sayo wani ram ɗin a inda ta sayi sauran kayan, sai ta ce Inna ta hana ta kai wa bare, ita kuma ba ta saɓa wa uwa.