Ni Na Fito da Koci Kailani Cikin Rana

Ni mutum ne da ban saba sunkuyar da kai ba. Daga aji uku na sakandare na faɗa facin taya a bakin titin Tudun Wada. Yau ina da shaguna, na gina gida, na sauke farali, babu wanda zai ce shi ya riƙe min tsani. Amma tun ranar Asabar, 12 ga Afrilu, da Allah Ya karɓi ran Koci Kailani Ɗantsoho, na kasa haɗa ido da mutane. Na Allah ne mu, gare Shi kuma za mu koma.

Koci, kai ne ɗan unguwarmu da ya kai ga horar da ƙungiyar matasa ta ƙasa. Manya sun sha turo maka 'ya'yansu kana mayar da su. Ni ma na kai maka ɗan ƙanena. Ka kalli wasansa ka ce, "Alhaji, wannan in ƙwallo ta kuɓuce masa tsayawa yake neman mai laifi. Ka ba shi shago." Na yi fushi, amma shagon na ba shi. Ranar da aka sallame ka daga aikin, a rediyo ka ji. Ka dawo gida ba ka zagi kowa ba, ka ɗauki usur ɗinka ka koma filin unguwa.

Bana na sa gasar kofi da sunana. Na so a ce tsohon kocin ƙasa ne ya miƙa Kofin Alhaji Nagoda, sai na je gidanka. Maiɗakinka, Hajiya Sakinatu, ta yi magana daga bayan labule: "Alhaji, likita ya hana shi rana. Jininsa bai sauka ba." Na ce akwai rumfa, akwai mota. Ka yi dariya ka ce, "Ƙyale shi, Hajiya, wannan kunnensa ba ya jin a'a."

Ranar wasan ƙarshe, na sa aka jera 'yan wasa tun bayan azahar, na hana a fara sai babban baƙona ya iso. Ka bar rumfa ka je ka tsaya cikinsu. Na aika maka kujera, ka ce a faɗa min ba ka taɓa zama 'yan wasa na tsaye ba. Na ji saƙon nan, Koci. Kalma ɗaya zan faɗa a busa usur. Sai na ci gaba da leƙen hanya. Ban waiwayo ba sai da na ji salati, ashe ka yanke jiki ka faɗi. Kafin magariba ka cika a asibiti.

Da na je gaisuwa, Hajiya cewa kawai ta yi, "Mun gode, Alhaji. Allah Ya ba da lada." Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Allah Ya jiƙanka, Koci, Ya yafe maka, Ya sanyaya makwancinka. Hajiya da 'ya'ya da dangi, Allah Ya ba ku haƙuri. Ina roƙon ku yafe min, in kuma da nauyi, ba zan ga laifinku ba.

Masu ba da labari suna ta cewa Koci ya faɗi a wajen wani taro, don su rufa min asiri. Ban nema ba. Na yarda ajali na Allah ne, amma taron nan yana da mai shi. Duk inda za a rubuta yadda Koci Kailani ya rasu, a sa sunana: Alhaji Nagoda mai taya, Tudun Wada. Ni na kira shi, ni na bar shi a rana.